Bin Agogo

Tun kafin 'yata ta iya zama na fara kallon hannunta. Sauran mata suna duba ko wuya ya tsaya, ko haƙori ya fito, ni kuwa idona yana kan hannun da za ta miƙo idan na kaɗa mata murfin kwano. Nakan riƙe murfin ta gefenta na dama, in matso da shi har ya kusa taɓa yatsunta, sai ta kalle ni ta yi dariya, ta kewayo da hagu ta kan cikinta ta karɓa. Kullum haka. Sai in waiga in ga ko akwai mai kallonmu a tsakar gida. Tsorona shi ne kada surukata ta lura ta tambayi inda yarinya ta samo wannan, don a danginsu babu bahago. A wurina ta samo shi, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba, har mijina.

Bahaguwa aka haife ni. A ƙauyenmu, can kudancin Kaduna, gwaggona ce ta riƙe ni, kuma ita ce ta ɗauki nauyin gyara ni. Idan na miƙa hagu cikin kwano sai ta doke shi da bayan ludayi, ta ce wannan hannun aikinsa a bayan gida yake, kada in ƙara kawo mata shi gaban abinci. Da aka sa ni makaranta malaminmu ya ɗora daga inda ta tsaya, shi da rula yake nasa. Da dama rubutuna kamar kaza ta bi ta kan takarda, yara su yi ta dariya, da hagu kuwa sai in sha duka. Haka na lallaɓa har aji huɗu, na ce na gaji, babu kuma wanda ya matsa mini in koma. Abin da na fito da shi daga makaranta shi ne karatu a hankali, da iya ɓoye hannu. A gaban mutane komai da dama nake yi, gaisuwa, karɓar canji, miƙa ruwa. Idan na ga babu kowa sai hagu ta fito ta yanka albasa, ta tuƙa tuwo, ta zura zare a allura, aiki ya tafi kamar ruwa. Ina jin motsin takalmi zan sauya. Har na saba, ban san lokacin da nake sauyawar ba.

Abin da ya tono mini wannan labari, kwanan baya ne na bi ta layin kafintoci a Sabon Gari, wanda rabona da shi an daɗe. Na tsaya daidai inda shagonmu na aikin katako da yankan haruffa yake a da, ban gane shi ba sai da na ga tsohon kwalbatin da muke tsallakawa. Yanzu gilashi ne a gaba, an shimfiɗa tayil, babu ko ƙwayar garin katako a ƙasa. Har yanzu suna yanka haruffa a wurin, amma na roba ne masu ƙyalli. Mai shagon yana zaune gaban kwamfuta yana latsa waya, wani inji cikin akwati yana yankan shi kaɗai, babu mai riƙe masa komai, ba da dama ba, ba da hagu ba. Ko ƙara ba ya yi, sai ɗan huci da warin ƙonannar roba. Na tsaya ina kallo har mutumin ya fito ya ce, "Mama, me za a yi miki?" Na ce ba komai, wucewa nake. A da tun daga bakin titi kake sanin ka iso layin nan da kunnenka, wannan na buga ƙusa, wancan na goga samfefa, rediyo na yi a wani shago, ga ƙanshin gam da ɗanyen katako. Idan aka kawo wuta kuwa sai layin gaba ɗaya ya tashi lokaci guda, kowa ya bar abincinsa ya ruga wurin injinsa, don ba a san yaushe za a sake ɗaukewa ba.

A lokacin da nake goyon 'yar tawa muna zaune a Samaru, ɗaki ɗaya a gidan haya bayan kasuwa, maƙwabtanmu yawanci ɗalibai, masu yi mini Hausa rabi Turanci rabi idan sun zo aron ashana. Mijina kafinta ne, yana aiki a shagon wani dattijo Bayarabe da kowa ke ce wa Baba. A Sabon Gari aka haifi Baba, Hausarsa ta fi tawa, har gyara mini yake yi. Da rana nakan zuba abinci a kula, in goya yarinya, in hau bas ɗin da ke kiran Sabo, mu bi ta Kwangila, in sauka in ƙarasa da ƙafa. Da farko kai abinci kawai nake yi in zauna kan benci in jira kwano. To zama ba ya yi mini, sai na fara ɗaukar samfefa ina goge musu ƙananan abubuwa, ina kallon yadda kowa ke aikinsa.

A kusurwar shagon akwai wani ɗan injin zarto da suke kira keke, don kamarsa ɗaya da keken ɗinki. Yana da ɗan tebur na ƙarfe, a tsakiyarsa wani siririn zarto kamar tsinken tsintsiya yana hawa da sauka. Zarton yana nan wuri ɗaya, kai ne za ka riƙa tura katakon kana juya shi da hannu biyu kana bin zane, kamar yadda tela ke juya yadi ƙarƙashin allura. Da shi ake yanka haruffan makarantun yara, da gicciye na rataya a falo, da allunan suna na ƙofar gida da na kyautar aure. Baba kaɗai ke hawansa, don mijina hannunsa na gado da kujera ne, yana zama tsinken zai tsinke. Idon Baba kuma ya fara rauni. Wata rana ya ga ina kallo ya ce, "Iyawo, an ce kin iya keken ɗinki." Haka yake kirana, wato amarya da yarensu, har na haifi na biyu bai sauya ba. Na ce na ɗan taɓa a ƙauye. Ya ce, "To zo ki ɗinka mini katako."

Abubuwan da ya koya mini ba su da yawa, kuma bai cika bayani ba. Haƙoran tsinke su kalli ƙasa. Kada ki tura, bari ya ci da kansa. Ki bar zanen a jikin abin da kike so, ki ci ta gefen da za a zubar. Sai na ƙarshen, wanda ya fi maimaitawa. Akwai wani tsohon agogon bango a shagon da ya daɗe da tsayawa, babu wanda ya damu ya sa masa batir. Duk lokacin da zan fara zagaya harafi sai Baba ya nuna shi da haɓa ya ce, "Iyawo, bi agogo." Ma'ana in zagaya harafin ta yadda hannun agogo ke tafiya. Ban tambaye shi dalili ba. A yadda aka tarbiyyantar da mu, idan babba ya ce bi nan, nan kake bi. Idan yana tsaye a kaina, dama ce ke ja, ina bin agogo a hankali, ina cije leɓe, gumi na zuba. Idan ya fita sayen katako, mijina kuma yana baya yana fere, sai hagu ta karɓi aikin, ita kuma ba ta san agogo ba, ta ɗaya gefen take zagayawa. Na duba haruffan da na yi ta nan da waɗanda na yi ta can, ban ga bambanci ba, har ma na hagun sun fi santsi. Sai na ɗauka maganar agogo tsarin tsofaffi ne kawai. Ban san cewa muddin teburin yana kwance daidai ne kawai babu bambanci ba.

Akwai wani aiki da Baba ya yi suna da shi a cocinmu da sauran coci-cocin Sabon Gari. Yakan kwance wani ƙulli a ƙarƙashin teburin ya ɗan karkata shi gefe, sai yankan ya fito a jirge. Idan ya gama zagaya harafi ya tura shi da yatsa daga baya, sai harafin ya taso sama da fuskar allon ya cije a nan, ba ya faɗowa. A sa gam, a goge, a shafa mai, sai ka ga suna ya fito ɓaro-ɓaro kamar ya tsiro daga cikin katakon. Na sha kallon yana yi. Akwai kuma wani aikin da yake yi a bayan shago shi kaɗai, ya ja labulen buhu, allunan da ake kafawa a kan kabari. Wannan ba ya barina in matsa kusa. Yakan ce mai goyo ba ta taɓa aikin waɗanda suka tafi. Ni kuma baƙuwa ce a garin, ban taɓa shiga maƙabartar ba, a ƙauyenmu dutse ake ɗorawa.

A wannan lokacin 'yata ta fara tafiya, ta fara ɗaukar abubuwa, kuma duk da hagu. Ban iya dukanta ba, na tuna ludayin gwaggo. Sai na samo wata dabara da a lokacin nake ganin tausayi ce. Na ɗauki safarta ta ƙafa na sa mata a hannun hagu, na ɗaure bakin da zaren ɗinki a wuyan hannu don kada ta cire. Duk wanda ya tambaya sai in ce tsotson yatsa take yi, ina so in raba ta da shi. Kowa ya ce na yi dabara. Takan yi ta kallon safar, ta kai baki ta ja, ta gaji, ta ɗauki abu da dama ya faɗi, ta sake ɗauka ya faɗi. Ni kuma in kawar da kai. Sai za ta yi wanka ko barci nake cire mata.

Sai surukata ta kwanta rashin lafiya. Mama muke ce mata, a gidansu na Sabon Gari take zaune, mace ce mai kaifin baki, ba ta ɓoye abin da ta gani, shi ya sa nake tsoronta. An kai ta asibitin Shika, ta daɗe a kwance har an fara kiran 'yan uwa na nesa. Muka riƙa karɓa-karɓar jinya ni da yayar mijina. Allah ya sa ta tashi. Da ta samu ƙarfi sai aka sa ranar godiya a coci, bayan sujada matan zumunta za su biyo ta gida a ci abinci. Kowa yana shirya abin da zai kawo mata. Ni ba ni da abin sayen atamfa, sai na ce a raina zan yanka mata allo da hannuna, sunanta a sama, a ƙasa a rubuta Mun Gode Allah, irin mai tasowar nan. Ina so ta ga cewa matar ɗanta ba kai abinci kawai ta iya ba.

A makon Baba ya tafi garinsu biki, mijina kuma yana Basawa yana sa ƙofofi a wani gida, sai yamma yake dawowa. Makullin shago yana hannuna. Na zaɓi wani guntun katakon maɗaci mai kyau da Baba ya taɓa cewa in na so in ɗauka, na sa mai zanen allo na maƙwabta ya zana mini haruffan da fensir, na huda ramukan da ake zura tsinke. Sai jiran wuta. Ana gobe godiya aka kawo ta, layi ya tashi da ƙara. Na gyara goyona, na kwance ƙullin na karkata teburin yadda na ga Baba yana yi, na kunna. Babu kowa a shagon, don haka ban ma yi tunani ba, hagu ta kama aikinta. Ban taɓa yanka mai kyau irin na ranar ba. Tsinken yana bin zanen kamar ya san hanya, ko sau ɗaya bai kauce ba. Da na gama harafin farko na tura shi daga baya, ya ƙi tasowa. Na danna shi ta gaba, sai ya nutse cikin allon ya cije a can. Na tsaya na duba. Na ce ko na karkata teburin ya yi yawa ne. Amma katakon ɗaya ne, wuta kuma ba ta jiran kowa, kuma gaskiya abin ya yi kyau a idona, harafin ya zauna a cikin raminsa da 'yar inuwa a gefe. Na ce ai wannan ma wani salo ne. Na ƙarasa sauran duka haka, na sa gam, na goge, na shafa mai har yana ɗaukar ido, na naɗe shi cikin takardar kyauta. Ko mijina ban nuna wa ba, ina so kowa ya gani lokaci ɗaya.

Washegari gidan Mama ya cika. Matan zumunta da zanensu iri ɗaya sun zauna kan tabarmi da benci, ana zuba shinkafa, ana miƙa kunu, wasu na ta waƙa suna kaɗa gora. Mama na zaune kan kujera a tsakiya, ta rame amma bakinta na nan. Aka fara miƙa kyaututtuka, ana buɗewa ana guɗa. Da aka zo kaina na durƙusa na miƙa da hannu biyu. Wata ƙawar Mama mai sayar da busasshen kifi, wadda ke zaune kusa da ita tana taya ta buɗewa, ita ta yage takardar. Ta ɗaga allon, ta fara murmushi, sai murmushin ya tsaya. Ta sa yatsa cikin harafin farko ta bi raminsa.

Ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya yanka wannan?"

Na ce, "Ni ce, Mama."

"Baba ya gani?"

"Ya yi tafiya."

Ta ce, "Shi ya sa." Ta rage murya, amma wurin ya riga ya yi tsit, kowa ya ji. "Wannan ai irin na maƙabarta ne. Na masu rai tasowa yake yi, na waɗanda suka tafi shi ke nutsewa. Na maigidana haka yake, Baba ne ya yi masa."

Mai gora ta ajiye gorarta. Yayar mijina ta taso daga wurin tukunya da ludayi a hannu ta leƙa, ta ce, "Mama ta fito daga Shika da ƙyar, ke har kin yanka mata allo. Sannu da ƙoƙari." Wata daga baya ta ce a bar yarinya, ba ta sani ba ne. Wata ta ce rashin sanin ne ai abin tsoro. Ni dai ina durƙushe, ban san inda zan sa idona ba, ina jin 'yata tana motsi a bayana, ina ji kamar an kwance mini zane a tsakiyar kasuwa.

Mama ta ce, "Ku miƙo mini abina." Ta karɓa ta riƙe shi nesa da ido ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Sunana dai daidai ne, ko fasto yakan ci mini harafi ɗaya. Mun Gode Allah kuwa, ko ta wane gefe mutum yake ai ya dace." Ta tura shi ƙarƙashin kujerarta ta ce, "Ku ci abinci, shinkafa na hucewa." Wasu suka yi dariyar dole, gora ta ci gaba. Na tashi na zagaya bayan gida inda ake wanke-wanke, na kama tukwane ina ta dirza, har waɗanda aka riga aka wanke.

Sai da baƙi suka ragu ta aiko a kira ni ɗakinta. Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa na fara ba da haƙuri, ina rantsuwa ban sani ba. Ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Ba maganar allo na kira ki ba. Allo katako ne. Sauko mini da yarinyar nan."

Na kwance goyon na miƙa mata. Ta zaunar da ita kan cinyarta, ta kama hannun mai safa ta juya shi, ta sa haƙori ta tsinke zaren, ta zare safar. Hannun ya yi fari ya yamutse kamar na wanda ya daɗe cikin ruwa, ga shatar zare ta zagaye wuyansa. Yarinya ta buɗe yatsunta ta rufe, ta buɗe ta rufe, sai ta miƙa ta kama ɗankunnen Mama da shi.

Mama ta ce, "Tsotson yatsa, ko?" Ta ƙara da cewa, "Na yi goyo da yawa. Mai tsotson yatsa ana cire mata safa baki take kai shi. Wannan aiki take nema da shi." Ta dube ni. "Ke kina ganin ban sani ba? Tun makon da aka kawo ki wuƙata ta gaya mini, kin wasa ta ta gefen da ba na wasawa. Wanki ma in kin matse, ta can yake murɗewa. Na yi shiru ne ina jira ki gaji da wahalar da kanki, ashe har kin fara raba wa yarinya."

Na ce, "Mama, tsoro nake kada a ce na kawo muku abin da babu a gidanku."

Ta ce, "Da nake kwance a Shika ba na iya juyawa, wa ke ɗaga ni? Kina tsammanin ido a rufe yana nufin mutum ba ya ji? Da wannan hannun kike tallabo ni, da shi kike goge mini baya, ban ji ya yi mini ƙazanta ba." Ta jefo mini safar. "Ungo, ki nemo 'yar uwarta ki sa mata a ƙafa."

Kunyar allo a gaban mata mai zafi ce, amma ta wuce kamar ƙunar tukunya. Ta cikin ɗakin nan ita ce ba ta wuce ba. Har yau idan na tuna yadda yarinyar ke buɗe yatsunta tana rufewa, sai in ji ba na son ganin fuskata a madubi.

Da Baba ya dawo labari ya riga shi isowa shago. Bai yi mini faɗa ba. Ya karkata teburin ya ba ni guntun katako ya ce in yanka masa harafi ɗaya. Na kama da dama, na bi agogo. Ya ɗauka ya duba ya ce, "Na je na ga allon Mama. Ba wannan hannun ya yanka shi ba. Wancan yankan ba ya rawa. Iyawo, kawo wanda ya yi aikin." Mijina ya bar abin da yake yi ya matso. Ban taɓa yin aiki da hagu wani namiji na kallo ba, ji na yi kamar an ce in yi wanka a waje. Na sauya hannu na fara. Baba ya kalli inda nake zagayawa, ya ce in tsaya. Ya sunkuya ya kwance ƙullin, ya mayar da teburin ya karkata ta ɗaya gefen, ya ɗaure. Ya ce, "To, bi hanyarki." Na zagaya yadda hannuna ke so, na tura harafin daga baya, sai ga shi ya taso ya cije.

Baba ya ce, "Tebur da hannu ne ke shawara tsakaninsu. In tebur ya kwanta nan, a bi agogo. In ya kwanta can, a saɓa masa. Ni na ce miki bi agogo ban gaya miki don me ba, nawa laifin ke nan." Mijina kuwa kallona yake kamar yau ya fara ganina, can ya ce, "Ashe shi ya sa almakashin gidanmu ba ya ci a hannuna. Ni ina ta zagin mai wasa shi." Baba ya ce masa, "Kai da ka shekara da shekaru kana cin tuwonta ba ka san hannun da ya tuƙa ba, koma kan gadonka."

Na yanka wa Mama wani allon mai tasowa, ta rataye shi a falo. Na roƙe ta ta ba ni na farkon in ƙona, ta hana. Ta sa shi a ƙasan akwatinta tare da zannuwanta na fita. Duk lokacin da ta so tsokanata a gaban mutane sai ta ce, "Ni kam na gama shiri, matar ɗana ta rage wa 'ya'yana aiki." Ta ƙara shekaru masu yawa bayan nan, ta ga 'yata ta shiga sakandare tana rubutu da hagu. Da ta rasu, yayar mijina ce da kanta ta buɗe akwatin ta ciro shi ta miƙo mini. Shi ne a kan kabarinta. Ruwa ya ci man da na shafa, katakon ya yi toka-toka, amma sunan na nan a raminsa, ana karantawa.

Shatar zaren ta ɓace daga hannun 'yata cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tuna safar ba, ta yi ƙanƙanta. Yanzu ita ma uwa ce. Amma akwai abin da na lura da shi wanda ita ba ta sani ba. Kowa ya miƙa mata abu a cikin gida, ko cokali ko wayarta, kai tsaye take ɗauka da hannun da ya zo mata. Idan ni ce na miƙa, sai hagun ta taso, ta ɗan tsaya a hanya, ta koma, dama ta zo ta karɓa. Ni kaɗai take yi wa haka.

Ɗanta ya fara rarrafe, kuma na riga na ga hannun da yake miƙa wa murfin kwano. Ban ce a bar yaro ya gaida manya ko ya ci tuwo da hagu ba, wannan ana koya masa da baki idan ya yi wayo, zai kuma ji. Roƙona ɗaya ne gare ki mai karatu, in kina da goyo, ko kai in akwai ƙarami a gidanka. Idan kun ga yaro ya miƙo hagu, kada ku doke shi, kada ku ɗaure shi, kada ku ɓoye shi. Ku sa masa abin a hannun da ya miƙo.